Yadda ake sa wa ƙaramar tukunyar tururi lamba, a sama mata takardar shaida

A Ingila akwai ƙungiyoyin masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na tururi, irin waɗanda faɗin layinsu inci 3 da rabi ne, ko 5, ko 7 da kwata. Ƙanana ne a ido, amma kwal ake zuba musu na gaske, kuma suna jan yara da manya a filin ƙungiya ranar Lahadi. Ina cikin wata irin wannan ƙungiya, kuma ana yawan kira na in tsaya shaida ranar gwajin tukunyar jirgi, wato inda ake dafa ruwa ya zama tururi. Abin da nake so mai shirin ƙera tukunya ko sayen ta hannu ya riƙe shi ne, takardar shaida ba ta da wani amfani sai lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfen.

Dalilin tsanantawar ba boyayye ba ne. Tukunyar da ke aiki a matsin bar 6 (bar ma'aunin matsi ne), ruwan cikinta ya kai zafin digiri 165 ko kusa da haka. Idan wani ɗinki ya buɗe, wani sashe na ruwan nan take yake komawa tururi, tururi kuwa yana neman wurin da ya ninka na ruwa fiye da sau 1,600. Direba yana zaune ne gab da bakin murhu, yara suna bayansa.

Fara da sanin ajin tukunyarka. Cika ta da ruwa taf, ka juye a mazubi mai awo ka san lita nawa take ci, sannan ka ninka da matsin da za ta yi aiki da shi. Mai cin lita 4 a bar 6 ta zama bar-lita 24. Ƙa'idar gwaji ta 2018, wadda manyan haɗaɗɗun ƙungiyoyin ƙasar suka amince da ita, ta raba abin: kundi na farko na tukwane ne daga bar-lita 3 zuwa 1,100, na biyu na waɗanda ba su kai 3 ba, kuma sharuɗɗansu sun fi sauƙi. Maganata a nan kan kundi na farko take.

Yanzu batun lamba. Dole ta zama ta wannan tukunyar ita kaɗai, ta zama ba ta gogewa, kuma a iya karanta ta bayan an ɗora tukunyar a kan jirgi an rufe ta da riga. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Na ga mutumin da ya buga lambarsa tsaf a gefen gangar tukunya, ya naɗe da abin tare zafi, ya rufe da faranti, ya yi fenti mai kyau. Ranar gwaji mai duba ya ce a nuna masa lamba, sai da aka kwance aikin watanni. Wuraren da suka dace su ne farantin baya da ke fuskantar direba, ko zoben ƙasa da ya kewaye murhu, inda za ka leƙa da tocila ka gani.

Lokacin bugawa ma yana da muhimmanci. Jan ƙarfe idan ya sha wutar waldar azurfa yakan yi laushi sosai. In ka ɗora ƙarfen buga lamba a kan tukunyar da aka gama haɗawa ka sauke guduma, farantin zai loɓa, kuma kana iya girgiza ɗinkin da ke kusa. Saboda haka buga lambar tun farantin yana shimfiɗe a kan maƙera, kafin a haɗa komai, a wurin da ƙarfen ke da kauri. In tukunyar ta riga ta haɗu, kada ka yanke shawara kai kaɗai. Je wurin mai duba na ƙungiyarku ku zaɓi wuri da hanya tare. Lambar da aka rubuta da fenti, ko aka sa a farantin da sukurori biyu ke riƙe da shi a jikin rigar jirgi, ni ba na kallonta a matsayin lambar tukunya, domin ana iya mayar da ita kan wata.

Tukunyar da aka saya daga maƙerin kasuwa tana da nata tsarin. Tun watan Mayu na 2002 dokar Tarayyar Turai ta kayan matsi ta zama tilas, don haka wadda aka ƙera don sayarwa bayan wannan lokaci, in ta wuce lita 2, a sa ran ganin tambarin CE, alamar cewa ƙirar ta cika ƙa'idar Tarayyar, a jikinta tare da lambar maƙerin, da takardar da ya bayar. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar an ƙaro tambarin UKCA, wato na Birtaniya ita kanta. Wadda ba ta wuce lita 2 ba, ba a sa mata CE, saboda haka rashinsa a kanta ba aibi ba ne. Sai dai tambarin nan shaidar ƙira ce kawai. Bai ce komai ba game da halin da tukunyar ke ciki yau.

Gwajin farko na sabuwar tukunya da ruwa ake yin sa, tana tsirara, ba riga ba fenti. A cire bawul ɗin kariya, mai sakin tururi idan matsi ya yi yawa, da gejin matsi, a toshe ramuka da fulogi, a cika da ruwa har ba sauran iska ko kaɗan. Kada a yi wasa da batun iskar nan. Ruwa ba ya matsuwa, in wani wuri ya ba da kai, matsin zai faɗi nan da nan, ɗigo kaɗan ya fito. Iska kuwa tana ajiye ƙarfi, ita ce ke mayar da gwaji haɗari. Sai a haɗa famfon hannu da gejin gwaji da aka tabbatar da ingancinsa, a hau a hankali, mataki-mataki, har ninki biyu na matsin aiki. Mai bar 6 za ta kai 12. A riƙe ta a nan, mai duba ya bi kowane ɗinki da kowane kan sanda mai riƙe farantai, ya haska cikin murhu, ya duba ko rufinsa ya kumbura. Busar da jikin tukunyar da tsumma kafin a fara, in ba haka ba ba za ka bambanta naso da ruwan da ka zubar da hannunka ba. Bayan an ɗaura kayanta, akan sake gwadawa a ninki ɗaya da rabi, kuma a wannan matsin ake maimaita gwajin nan gaba: jan ƙarfe duk shekara 4, baƙin ƙarfe kuwa bayan zagayen farko duk shekara 2, saboda tsatsa.

Sannan gwajin tururi, wanda tazararsa ba ta wuce wata 14. Ana fara gwada gejin jirgin da na gwaji, a tabbata jan layin da ke fuskarsa yana kan matsin aiki daidai. A hura wuta sosai, a buɗe abin fifita wutar har ƙarshe, a zuba wa allura ido. Bawul ya buɗe, kuma duk yadda wutar ta kai kada matsi ya haura na aiki da fiye da kashi 10 cikin 100. A buɗe ƙasan gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya, ruwan ya sauka ya dawo wurinsa da sauri. In yana dawowa a hankali, hanyarsa ta fara toshewa, gilashin zai yi maka ƙarya a ranar da ka fi bukatarsa. A gwada hanyoyin shigar da ruwa guda biyu, kowace ita kaɗai.

Mutum biyu ne ke sa hannu, mai duba da shaida, kuma ba wanda ke gwada tukunyarsa da kansa, komai gwanintarsa. Wasu tsofaffin maƙera suna jin haushin wannan. Ni ina ganin daidai ne, don ido ba ya ganin aibin abin da hannu ya daɗe a kai.

Kafin ka bar filin, ɗauki takardar ka tsuguna gaban tukunyar, ka karanta lambar harafi-harafi, da matsin aiki, da ranar ƙarewa. Adana ta tare da takardar gwajin farko, da takardun kayan da aka yi ƙirar da su, da rubutaccen tsarin dubawa wanda dokar kayan matsi ta Birtaniya ta 2000 ke nema idan za a yi aiki a inda jama'a suke. Inshorar ƙungiya a kan waɗannan takardu take tsaye. In kuma saye za ka yi ta intanet, nemi mai sayarwa ya turo maka hoton lambar a jikin ƙarfen da hoton takardar. In ya ce takardun sun ɓata, yi ciniki a kan cewa za a tuɓe tukunyar a duba ta daga farko, kuma mai duba yana da ikon ƙin ta.