Shawara ga masu son aurar da jarumi a The Sims Medieval

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga masu buga The Sims Medieval, wasan da EA ta fitar a 2011, musamman ƙannenmu da suka ɗora shi a kwamfuta kwanan nan a Titin Beirut da ke Kano: kada ku bari neman aure ya cinye muku aikin masarauta.

A wasan nan ba ka juya jarumi, wato mutumin da kake wasa da shi, sai yana cikin wani aikin masarauta (quest) da aka ɗora masa. To zance, baiko da ɗaurin aure duk a cikin lokacin aikin za ka yi su. Idan ka tare a wajen budurwa ka bar aikin, ma'aunin nasararka zai riƙa sauka, ladan ƙarshe ya ragu.

Ga yadda nake yi. Da gari ya waye, jarumi ya ci abinci mai kyau, ya sauke nauyin sana'arsa guda biyu na ranar, maƙeri ne ko likita ko sarki. Wannan ke ɗaga natsuwarsa (Focus, wato yanayin hankalinsa a wasan), natsuwar kuma ita ke tura ma'aunin nasarar sama. Sai ka taɓa mataki ɗaya na aikin, sannan ka tafi zance hankali kwance.

Maganar 'ya'ya kuwa, jariri yana zama yaro da wuri, amma daga nan ya tsaya, kuma ba ka juya shi. Kada ka zauna jiran ya girma.

Don Allah ku riƙa adana wasan kafin ɗaurin aure, kun san halin wutarmu a Kano.