Yadda Ake Rage Cunkoson Motoci Tun Kafin a Faɗaɗa Titi

Kowane cunkoso yana da baki. Idan aka bi jerin motocin da suka tsaya har gaba, za a isa wani wuri guda inda daga nan hanya ta buɗe fayau. Nan ne matsalar take, motocin da ke baya wutsiya ce kawai. Galibi wurin mahaɗa ne, ko inda layi uku ya koma biyu, ko inda bas ke tsayawa ɗaukar fasinja.

Da an gano wurin, sai ƙidaya. A tsaya lokacin fita aiki da lokacin tashi, kwana uku a tsakiyar mako, a ƙirga motocin da ke shigowa ta kowane ɓangare duk minti 15, a ware masu miƙewa da masu karya kwana. Babban titin da babu danja, layinsa ɗaya yana ɗaukar mota wajen 2,000 a awa. A mahaɗa kuwa, layi ɗaya yana sakin mota ɗaya ne duk daƙiƙa biyu muddin kore na kunne. Idan kore na samun rabin lokaci, abin da zai wuce a awa bai fi mota 900 ba. Duk wadda ta ƙaru a kan haka sai ta shiga sahu.

Saboda haka gyaran danja ya fi komai araha da saurin amfani. Duk sa'ad da aka sauya hannu ana asarar kusan daƙiƙa huɗu, tsakanin jiran mahaɗa ta washe da lokacin da direban farko zai sa giya. Zagaye ɗaya na fitilu ya kamata ya tsaya tsakanin daƙiƙa 60 da 120. In ya gaza haka, asarar sauyi ta cinye lokacin. In ya zarce, sahu ya yi tsawo har ya toshe mahaɗar baya, direbobi kuma su fara keta ja. A raba kore gwargwadon ƙidaya, kada a raba daidai wa daida tsakanin titin da ya cika da wanda babu kowa. Idan mahaɗu biyu na da tazarar mita 500, ana tafiya kilomita 50 a awa, a sa koren ta biyu ya kunnu bayan daƙiƙa 36, ayarin da aka saki zai tarar da hanya a buɗe.

Masu juyawa su ratsa hannun da ke tahowa suna bukatar layinsu dabam, domin mutum ɗaya mai jiran sarari yana riƙe duk na bayansa. Kada direba ya shiga tsakiyar mahaɗa sai ya ga wurin da motarsa za ta tsaya a ɗaya gefen, ko da kore ne. Rashin kiyaye wannan ne ke kulle kusurwa huɗu a lokaci guda. A shataletale, na ciki ne ke da hanya. Birtaniya ta mai da hakan doka a 1966, kuma idan aka bar mai shigowa ya kutsa, da'irar ta cika babu mai fita.

Mota ɗaya da aka yi fakin kusa da mahaɗa ta kashe layi sukutum. A matsar da tashar bas zuwa bayan an tsallake mahaɗa, a yi mata lungu a gefe. A ajiye janwe kusa da wuraren da aka san suna cikewa, a cike ramuka, a yashe magudanan ruwa.

Akwai kuma cunkoson da babu haɗari, babu komai a gabansa. A wani gwaji da aka wallafa a Japan a 2008, an sa mota 22 su riƙa kewaya da'ira mai tsawon mita 230 da gudu iri ɗaya. Ba a daɗe ba wani ya ɗan taɓa burki, na bayansa ya taka fiye da shi, can baya wasu suka tsaya cak. Maganin wannan yana ƙafar direba: ya bar tazarar aƙalla daƙiƙa biyu, ya rage gudu ta ɗage ƙafa daga totur maimakon burki, ya daina tsalle daga layi zuwa layi. Inda layi biyu ke haɗewa, a shiga ɗaya bayan ɗaya.

Faɗaɗa titi shi ne abin da kowa ke fara nema, kuma sauƙinsa ba ya daɗewa. Hanya na buɗewa, masu fita da asuba don gudun cunkoso su koma fita da hantsi, masu hawa bas su ɗauko motocinsu. Birnin Houston na Amurka ya kammala faɗaɗa babban titin Katy a 2008 zuwa layi fiye da 20 a wasu wurare, cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo. Abin da ke ɗorewa shi ne rage yawan motocin da ke fitowa lokaci guda. Bas ɗaya na kwashe mutanen da za su cika ƙananan motoci da dama, amma mai mota ba zai hau shi ba muddin shi ma a cunkoso yake kwana. Sai an keɓe masa layi, yadda Bogota, babban birnin Kolombiya, ta yi tun shekarar 2000. Singafo ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari a 1975, Landan a 2003, a Stockholm, babban birnin Sweden, kuma gwajin 2006 ya rage motocin da ke shiga da kusan kashi 20 cikin ɗari. Wannan kuɗi zalunci ne ga talaka idan ba a fara wadata shi da abin hawa mai kyau ba. Bambanta lokacin tashi daga makarantu da ofisoshi da minti 30 ma yana rage nauyi.

Bayan kowane gyara a bar wata guda, a sake ƙidaya a wurin da kuma mahaɗar da ke gabansa, domin motocin da aka saki can za su taru.