Masu folo, sukuwa da wasan babur: yadda za ka yi inshorar da za ta riƙe maka gida in ka karye

Mu a Katsina doki ba baƙonmu ba ne, tun zamanin Sarki Dikko ake buga folo a garin nan, ga sukuwa ga hawan sallah, ga yaranmu masu wasa da babur da masu hawan keke kan duwatsu da 'yan farauta. Amma tela ko direba ko makanike in ya faɗo ya karye a cinya, wata uku ko fiye ba zai taɓa aiki ba, kuma cefane ba ya jiran ƙashi ya haɗe. To akwai inshorar da aikinta kenan, ta riƙa ba ka wani abu duk sati ko duk wata har ka miƙe.

Da farko ka san abin da kake da shi tukuna, don mutane da yawa suna zaton suna da kariyar inshora alhali ba haka ba. Katin lafiya na NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ko na hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha kuɗin magani yake biya, ba ya sa maka buhun masara a gida. NSITF kuma, hukumar gwamnatin tarayya wadda dokar 2010 ta ɗora wa biyan diyyar ma'aikata, raunin da aka ji a bakin aiki take dubawa, faɗuwar da ka yi ran Lahadi a filin sukuwa ba ruwanta. Inshorar rai ta ma'aikata da ke cikin dokar fansho ta 2014 ita kuwa sai bayan rai ya yi halinsa magada su karɓa.

A Ingila ana sayar da inshorar kare samu, wato mai maye maka kuɗin shigarka in ka kwanta, ita kaɗai, yawanci tana biyan rabin abin da mutum ke samu zuwa kashi 70 cikin 100. Mu nan abin da ka fi samu shi ne inshorar hatsari ta mutum ɗaya, to ka tambaya ko a cikinta akwai biyan sati-sati na wanda rauni ya kwantar, don wata sai mutuwa ko nakasa ta dindindin kawai take biya. In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, ga takaful nan, wato inshorar Musulunci, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Ko ma wanne ne dai ka duba sunansa a shafin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, kafin ka ba da ko sisi.

Sai kuma wajen da ake yawan faɗawa rami. Ka buɗe takardar inshorar ka nemi shafin abubuwan da ba a biya, ka karanta da idonka ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi. A irin wannan inshorar sau da yawa za ka ga folo da farauta da hawan dutse da tsere kan doki ko kan taya duk an jera su an cire, wani kamfanin har hawan babur ma. Don haka tun wajen cike fom ka faɗi wasan da kake yi, sau nawa a wata, kana shiga gasa ko kuwa nishaɗi ne kawai. Wallahi kada ka ɓoye don kuɗin ya yi sauƙi, ranar da ka kwanta rahoton likita zai nuna daga kan doki ka faɗo kuma shi kenan sun samu hujjar hana ka. In sun yarda inshorar ta haɗa da wasan naka, ƙila da ƙarin kuɗi, ka ce a rubuta sunan wasan cikin takardar a buga hatimi. Ejen ya ce maka "ba komai Alhaji, duk yana ciki" ba magana ba ce.

Ka tambayi kwana nawa za ka yi a kwance kafin su fara biya, da sati nawa za su yi suna biya kafin su tsaya. Wannan giɓin na kafin su fara biya, kai za ka cike shi, ka yi adashi ko ka ajiye cefanen wata ɗaya zuwa biyu a gefe. Mai sana'ar hannu kuma ya riƙa zuba cinikinsa a asusun banki, don za su nemi shaidar abin da kake samu, ba za su karɓi "ai kowa ya san shagona" ba. Ka biya ta banki da sunan kamfani, ka riƙe rasit, kuma ka lura da ranar ƙarewa domin a dokar ƙasar nan in ba a biya kuɗin inshora ba babu kariya.

In tsautsayin ya zo, na san da yawanmu wajen mai ɗori za a fara kai mu, amma mai ɗori ba ya ba da takarda. Ka je asibiti ko da Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko na Janar Amadi Rimi, a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta ranar da abin ya faru da tsawon lokacin da ba za ka iya aiki ba. Ka sa ɗan uwanka ya sanar da kamfanin a rubuce cikin kwanakin da suka ƙayyade, kada a jira sai ka warke. In sun yi ta ja maka rai, ka haɗa kwafin takardunka duka ka kai ƙorafi NAICOM.