Kafin ka sayi tayil: kurakuran da muke yi wajen gyaran tsohon gida

Gidanmu na Marwa, a arewacin Kamaru, kakanmu ne ya gina shi da tubali da azarar giginya, ya kuma haura shekara hamsin ruwa na dukansa bai gezau ba. Gyaranmu ne ya kusa kayar da shi. Bayan rasuwar Baba muka haɗa kuɗi ni da ƙannena, muka ce a yi wa Inna kicin na zamani, a faɗaɗa falo, a shafe gidan da siminti ciki da waje. Damina biyu kacal aka yi, filastar bangon gabas ta ɓamɓaro kamar ɓawon rogo, ƙasar da ke bayanta kuwa ta jiƙe sharkaf, hannu ma yana kwasarta. Tun daga ranar na zama mai leƙa gyaran gidajen dangi, a nan da Garwa da Kuseri, kuma kusan duk inda na je tuntuɓe ɗaya muke yi.

Muna farawa ne daga abin da baƙo zai gani. Tayil, wanda a nan muka fi sani da karo, sai fenti, sai silin mai fitilu. Alhali tsohon gida ruwa ne ke cinsa, ta sama da ta ƙasa. Don haka kafin ka kashe sefa ɗaya, ka je gidan a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, ka tsaya a tsakar gida ana sheƙa shi. Ka ga inda indararo ke zubarwa, inda ruwa ke kwanciya, da ta inda yake fita. Ka duba gindin bango: in ka ga fari-fari kamar kanwa, ko fenti ya kumbura, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Ka soka tsinin wuƙa a bakin kowace azara daidai inda ta shiga bango, domin nan gara da ruɓa suke fara aikinsu. A damina ake duba gida, da rani ake gyara shi, kuma rufi da magudanar ruwa su ne kan gaba. Tayil ya jira.

Sai maganar siminti a kan bangon ƙasa, wadda ita ce ta ci mu. Siminti bai yi mana nisa ba, ga masana'antarsa nan a Figil kan hanyar Garwa, kuma mutane sun ɗauka duk abin da aka shafa wa shi ya warke. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwa. Filastar siminti mai kauri ba ta barin danshin ya fita. Ga shi kuma ƙasa da siminti ba sa motsi tare idan rana ta gasa su, don haka siririyar tsaga takan buɗe, ruwa ya shiga ta nan ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, daga ciki yana narkewa. Ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Inda ya yi ƙarar ganga, filastar ta riga ta rabu da bangon.

Bangon gabas ya fi shan wannan wahala, saboda hadarin da ke zuwa da iska daga can yake taso mana. Maginan da sun san haka, shi ya sa suke yaɓe da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana, su bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, a kuma sabunta kafin ruwa ya sauka. Wanda ba zai iya yaɓen shekara-shekara ba yana da mafita. A tsawaita bakin kwano ya fito kamar rabin mita daga bango. A yi dakali a gindin bangon, mai gangara zuwa waje, ya tare fallatsin ruwa. In kuma dole sai filasta, a kankare duk ƙasar da ta ruɓe, a bar bangon ya bushe sarai, a kafa ragar waya irin ta kejin kaji da dogayen ƙusoshi, sannan a yi kwaɓi mai yawan yashi da ƙarancin siminti, a shafa shi ba kauri. A ƙarshe a bi da farar ƙasa maimakon fentin mai, wanda shi ma toshe bango yake yi.

Kusa da wannan akwai malale tsakar gida da kankare. Kowa na son tsabta, ban ga laifinsa ba. Amma sau da yawa ana zuba kankaren ne a kan tsohon daɓe, tsakar gida ta ɗaga ta fi ɗakuna tudu, ruwan farko ya shige ƙarƙashin gado. A unguwannin da aka ɗaga titi ma, gidan gaba ɗaya ya koma kwari. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Kuseri da Njamena, ko ta 2024 a Yagwa, ya san abin da taƙi ɗaya na tudun dokin ƙofa ke hanawa. Ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tudu da aƙalla santimita 15, tsakar gida kuma ta gangara zuwa rariya da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ka sa magini ya zuba bokitin ruwa a gabanka ka ga inda ya nufa kafin ka biya shi. Idan kuma gidan yana kan baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake shuka muskuwari a cikinta, sai an ƙara kula: tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma duk ruwan da ka bari ya kwanta a gefe ɗaya na gini zai ɗaga wannan gefen ya tsaga bango.

Yanzu kicin, inda na fi jin ciwon abin da muka yi. Mu huɗu maza muka zauna da magini muka tsara shi daga hoton waya, ba wanda ya tambayi mai girkin. Da aka gama Inna ta shiga ta duba, ta shafa kantar da hannu, ta ce, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan. To, a ina zan tuƙa tuwo?" Ba mu da amsa. Tuwon gidan mutum goma sha biyar ba a tuƙa shi a tsaye a kan kanta. Sai an zauna a kujera 'yar tsuguno, an danne tukunya, an sa ƙarfin kafaɗa a muciya. Turmi ya fasa tayil biyu a makon farko. Kafin wata ya ƙare ta koma gindin darbejiya da duwatsun murhunta uku, kicin ɗin ya zama ɗakin ajiyar buhuna.

Gyaran wannan kuskure ba ya cin kuɗi. A zauna da wadda za ta yi girkin, a bi ta yini guda a ga yadda take aiki: ina take daka, ina take wanke-wanke, ina randa, ina take ajiye gawayi da itace, ta ina take hango yara. Yawancin gidajenmu wuri biyu suke buƙata. Ƙaramin kicin na ciki don gas da shayi da miyar gaggawa, da rumfa a jikinsa mai buɗaɗɗen gefe don murhu da babbar tukunya, ƙasanta daɓen siminti mai kaushi da zai jure taɓarya. Kantar ciki takan kama santimita 85 zuwa 90, amma a auna da tsayin mai aikin, kada a bi hoto. Tayil mai santsi kuma a bar shi a kanti, domin ruwan kuɓewa kaɗan ya isa ya kayar da tsohuwa.

Hayaƙi da gas ba abin wasa ba ne. Kicin mai taga ɗaya ba ya fitar da hayaƙi. Sai da mashigar iska a ƙasa da mafita a sama ta ɗaya ɓangaren. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka kulle tukunyar mai kilo 12.5 a cikin kabad marar huda ganganci ne. A yi mata ɗan gida mai raga a waje, cikin inuwa. Tiyonta yana da shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa, a duba. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne, ba a kusantar da ashana. Gawayi kuwa yana fitar da iskar kabon monoksaid, marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci. Tsohon ɗaki mai ƙofar langa-langa yana shan iska ta ko'ina. Da zarar an sa masa gilas da ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf, kaskon wutar da aka saba shiga da shi da hunturu ya zama haɗari.

Bututun sinki ma a kula da shi. Kada a binne shi cikin bangon ƙasa, domin ɗigo kaɗan na wata shida ya isa ya cinye gindin bangon ba wanda ya sani. A bi da shi ta waje inda ido ke gani, a yi ɗan rami mai murfi da zai tare maiƙo da ƙanzo, ramin ruwan datti kuma ya yi nesa da gini da aƙalla mita 3, ya yi nesa da rijiya da mita 15 ko fiye.

A falo, abin da ake yawan yi shi ne rushe bangon da ke tsakanin ɗaki biyu. A ginin azara kusan kowane bango yana ɗauke da kaya, tun da azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai. Ba a taɓa shi sai wanda ya san gini ya duba, an tokare rufin, an tsayar da ginshiƙai da linta. Ina kuma roƙon masu gyara su bar zaure. Na ga gidajen da aka mayar da shi shago ko gareji, daga baya baƙo namiji ya rasa wurin zama, matan gida suka rasa sakewa a tsakar gidansu.

Zafi shi ne ɗaya abin da muke mantawa, mu da ke ganin digiri 40 da ɗoriya a Maris da Afrilu. Bango mai kauri da rufin ƙasa su ne suka sa ɗakin kaka yake da sanyi da azahar. An cire rufin, an buga tol, wato kwano, ƙasa-ƙasa, an sa babbar tagar gilas tana kallon yamma, sai a dawo ana neman na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin wutarta. In za a sa kwano, a ɗaga shi, a yi silin, a bar ƙofofin iska masu raga tsakanin su biyun don zafi ya fice. Tagogi su fuskanci kudu da arewa, su kalli juna. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗewa, a tuna da wannan. Bishiyar tsakar gida kuma a sassabe ta in ta dami rufi, kada a sare.

Wayar wuta ta shekara talatin da aka ja don ƙwai biyu da rediyo ba za ta ɗauki firji da dutsen guga ba. A sake ta kafin fenti: mai kaurin milimita sukwaya 1.5 don fitilu, 2.5 don soket, da wayar ƙasa, da makatsar wuta mai miliamfiya 30 wadda ke yankewa da kanta idan wuta ta ja mutum. Wajen kankare tsohon fentin mai a jiƙa shi, a fitar da yara, saboda yana iya ƙunsar dalma; sai a 2017 Kamaru ta kafa dokar taƙaita dalma a fenti. Tsohon silin na asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, shi ma ba a fasa shi ko yanka shi a bushe.

Kan kuɗi, kada a miƙa wa magini komai a dunƙule. A rubuta aikin daki-daki, a biya kashi-kashi bayan an duba. A ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tayil ɗin da aka auna, don irinsa kan ɓace a kasuwa. Yashin mayo a damƙa shi a hannu. In ya dunƙule ya ɓata tafi, akwai laka, a wanke ko a sauya. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai ya kwana 28 yake cika, abin da gaggawar biki ko ta salla ke hana mu jira. In gidan na gado ne, a zauna da dukkan magada, mata da maza, a rubuta wanda ya kashe me a gaban shaidu tun ba a sauke buhun farko ba.

Mu dai sai da muka ɓamɓare filastar gabas gaba ɗaya, muka bar bangon ya sha rani guda, muka yi dakali, muka ja bakin kwano. Rumfar Inna muka gina ta a inda ta nuna da ƙafarta, kusa da randa, tana kallon ƙofar zaure. Damina uku ke nan bangon a bushe yake, kuma a rumfar ake tuƙa tuwon gidan.