Kurakuran da muke yi wajen gane dajin ƙashi a jikin yara

Na gaji da ganin sababbin ma'aikatan lafiya a karkara suna maimaita kuskuren da har yau yake hana ni barci, wato gamsuwa da labarin faɗuwa.

Shekarun baya, a wani ƙauye na Jigawa, aka kawo mini yaro ɗan shekara 13 yana ɗingishi, mahaifinsa ya ce a wajen ƙwallo ya bugu. Na ce targaɗe ne, na ba da maganin zogi, na sallame su. Bayan wata huɗu suka dawo, an yi ɗori har sau biyu, gwiwar ta kai girman ƙwarya, fatar tana ƙyalli, yaron kuma yana tari, domin ciwon, wanda ashe dajin ƙashi ne, ya riga ya kai huhu. Ostiyosakoma, dajin ƙashin da ya fi kama yara, yakan fito ne a shekarun da yaro yake miƙewa, tsakanin 10 da 20, galibi kusa da gwiwa ko a saman dantse, kusa da kafaɗa. Faɗuwa ba ta haifar da shi, hankalin iyaye kawai take jawowa wurin.

Tun daga ranar nakan tambayi uwa: "Inna, ciwon yana tashinsa cikin dare?" Idan ta ce e, kuma an haura mako uku, sai na auna gwiwoyin biyu da tef ɗin tela, na tura shi hoton ƙashi ko da babu kumburi.

Kuskure na biyu shi ne tsaga kumburin. Don Allah, wa ya ce muku kowane kumburi mai zafi ƙurji ne? Wanzami ya yi sakiya, mu ma mu ɗauki wuƙa muna neman mugunya, alhali tsagar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba tana iya jawo a yanke ƙafar da da za a iya cetowa. Ɗibar tsoka don gwaji aikin likitocin da za su yi tiyatar ne, a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Kada a ce sikila ce ba tare da gwajin jini ba. Zazzaɓi ma ba ya kore zargin daji, domin nau'in da ake kira Yuwin yakan zo da shi.

Sannan kada a fara da maganar yanke ƙafa, domin iyaye da yawa daga jin haka suke komawa wurin mai ɗori. Ni nakan rubuta takardar turawa da hannuna, na karɓi lambar wayar uban, na kira shi bayan kwana uku na ji ko sun isa.