Matakan neman gurbin karatun harsunan waje a jami'ar Nijeriya

1. Ka fara yanke shawara tsakanin koyon harshe guda, kamar Faransanci ko Larabci, da kimiyyar harshe, wadda ke nazarin sauti da ginin kalma da ginin jimla a kowane harshe. Ɗalibai da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, sai sun shiga aji su ga bambanci.

2. Ka tabbatar kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma lallai Turanci yana cikinsu.

3. Ka mallaki lambar NIN, sannan ka yi rajistar JAMB a cibiyar da hukumar ta amince da ita. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuwa ka duba kundin hukumar kafin ka zaɓa, domin kowace jami'a da nata sharuɗɗan.

4. Ka zaɓi jami'ar da ke da sashen da kake so, misali Jami'ar Bayero ta Kano.

5. Ka soma tanadin guzuri tun yanzu, saboda masu karatun Faransanci sukan tafi Ƙauyen Faransanci na Badagry a Legas a shekara ta uku, su zauna inda harshen ne abin magana safe da yamma.