Babi na 7: Yadda Ake Duba Littafin Kuɗin Ƙungiya

Wannan babi na duk mai zuba kuɗi a ƙungiya ne, ko ta manoma, ko ta mata masu sana'a, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar iyaye da malamai. Ba sai kai ne ma'aji ba. In dai guminka na ciki, kana da haƙƙin buɗe littafin ka duba. Ba a buƙatar ilimin akanta. Tarawa da ɗebewa da ka riga ka iya sun isa. Ka tanadi fensir, da rula, da ɗan littafinka na kanka. In babu rula, guntun kwali miƙaƙƙe ma ya yi.

Darasi na 1: Takardu uku

Kowace naira ta ƙungiya tana barin sawu a wuri uku.

Na farko rasit. Ita ce 'yar takardar da ake bayarwa in an karɓi kuɗi. Ka riƙe ta a hannu ka duba sama ta gefen dama, yawanci nan lambarta take, bugun inji ne, ba rubutun hannu ba. Kusa da ita akwai kwanan wata. A tsakiya akwai sunan wanda ya biya da abin da aka biya dominsa. A ƙasa kuɗin, an rubuta shi sau biyu: sau ɗaya da lambobi, sau ɗaya da kalmomi. Sai sa hannu. Rasit na ƙungiya yana da kwafi a ƙarƙashinsa, na kabon, wanda ake bari a jikin littafin rasit ba a yage shi.

Na biyu littafin shiga da fita. Ka buɗe shi. Gefen hagu kuɗin da suka shigo, gefen dama kuɗin da suka fita. Wasu ƙungiyoyi suna yin gida biyu a shafi guda, duk ɗaya ne. Kowane layi ciniki guda ne, da ranarsa, da bayaninsa, da lambar rasit ɗinsa.

Na uku takardar banki, wadda ake ce wa sitatimen. Banki ne ke buga ta, ba ma'aji ba. Saboda haka ka nemi wadda ta fito daga banki da hatiminsu. Kada ka karɓi wadda wani ya kwafa da hannu, kada kuma ka yarda da hoton saƙon alat da aka turo a waya, domin akwai alat na bogi.

In takardun nan uku sun faɗi magana ɗaya, kuɗi na nan. In ɗaya ta saɓa, akwai tambaya. Ban ce akwai ɓarawo ba. Na ce akwai tambaya.

Darasi na 2: Layi ɗaya, rasit ɗaya

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada ka ji kunya in sai ka karanta darasin sau da yawa. Waɗanda suka riga ka ma haka suka yi, yau kuma su ne ke duba littafin ƙungiyoyinsu.

Abin da na sha gani shi ne, ana miƙa wa mutum littafi sai idonsa ya gangara ƙasan shafi, wurin jimla. Ya ga babbar lamba an ja mata layi biyu da jan biro, ta yi kyau, sai ya gyaɗa kai ya ce madalla. To jimla ba ta kama kowa. Wanda ya yi aringizo ya iya tarawa, jimlarsa za ta fito daidai tsaf. Ɓarnar tana cikin layuka.

Ga yadda ake yi. Ɗora rula a ƙarƙashin layin farko, ta rufe duk na ƙasa. Karanta layin da ƙarfi, kunnenka ya ji. Nemo rasit mai lambar da aka rubuta a layin. Ajiye shi a gefen littafin, dab da layin. Duba rana. Duba bayani. Sai ka zo kan kuɗi, ka ɗora bakin fensir kan lambobin ka ƙirga sifiri ɗaya bayan ɗaya, a littafi sannan a rasit. Daga nan ka karanta kuɗin da aka rubuta da kalmomi. In duk sun dace, yi ƙaramar alama da fensir a gefen layin, ka kife rasit ɗin a gefe guda. Sai yanzu za ka sauke rula zuwa layi na biyu.

Layi ɗaya, rasit ɗaya. Ba a sauke rula sai an ga rasit.

Mu tsaya kan sifiri. Dubi waɗannan:

₦800
₦8,000
₦80,000

Na farko ɗari takwas, sifiri biyu. Na biyu dubu takwas, sifiri uku. Na uku dubu tamanin, sifiri huɗu. Ɗan zagaye guda ne tsakanin na biyu da na uku, amma bambancinsu naira dubu saba'in da biyu ne. Waƙafi yana taimakawa: ka fara daga dama, ka ƙirga lamba uku, nan waƙafi ke zama, abin da ke hagunsa dubbai ne. Amma kada ka dogara da waƙafi kaɗai, don wasu ba sa sa shi, wasu kuma suna sa shi inda bai dace ba. Ƙirga da fensir.

Mu gwada. A ce ƙungiya ce mai mambobi 40, kowa na zuba ₦2,000 a wata. Abin da ya shigo ₦80,000 ke nan. Ragowar watan jiya ₦120,000. In an haɗa ₦200,000. A gefen fita an rubuta hayar mota ₦15,000, buhunan zuba hatsi ₦8,000, hayar kujerun taro ₦7,000. Jimlar fita ₦30,000, saura ₦170,000. Tara ka gani, lissafin ya fito daidai. Mai duba jimla ya gama, ya tashi.

Kai kuwa ka ɗora rula a layin hayar mota, ka nemo rasit. Da lambobi an rubuta 15,000. Amma da ka matso da shi kusa da ido sai ka ga 1 ɗin a matse take jikin alamar naira, tawadarta ta fi ta sauran duhu. Ka sauka wurin kalmomi, an rubuta "naira dubu biyar kacal". Ashe 5,000 ne, aka soka 1 a gaba. Dubu goma sun tafi, jimla ba ta ce uffan ba. Wannan ne dalilin rubuta kuɗi da kalmomi, kuma shi ya sa ake rufewa da "kacal" a ja layi, don kada a sami wurin ƙari.

Sake yi daga farko. Rula a ƙarƙashin layi. Karanta da ƙarfi. Nemo rasit. Rana. Bayani. Ƙirga sifiri. Karanta kalmomi. Alama. Kife rasit. Sauke rula.

In layi ba shi da rasit fa? Kada ka yi alama. Rubuta ranar da kuɗin a littafinka, ka ci gaba. In aka ce maka ya ɓace, ko yana gida, ka ce to, Allah ya sa a gani, amma alama sai ya zo. Akwai sayayyar da ba a ba da rasit, kamar ta cikin kasuwar ƙauye ko kuɗin dako. Irin wannan a rubuta takarda tun a ranar, wanda ya karɓi kuɗin ya sa hannu ko ya dangwala, mamba guda ya yi shaida.

In ka kai ƙarshen shafi, yanzu ne lokacin jimla. Tara da kanka. Sannan ka nemi ₦170,000 ɗin nan a zahiri. In sitatimen ya nuna ₦150,000, to ma'aji ya fito da ₦20,000 a ƙirga a gaban mutane, a ranar, ba gobe ba. Kuɗin da aka ce sai gobe, ana iya rantowa a nuna a mayar.

Baba, Inna, na san idanu sun fara rauni, rubutun rasit kuma ƙanana ne. Ku zauna a haske, ku yi shafi ɗaya a zama ɗaya. Babu mai korar ku. Layi ɗaya, rasit ɗaya.

Darasi na 3: Hanyoyin da kuɗi ke zurarewa

Ka riga ka ga aringizo. Ga wasu.

Rasit guda a ci kuɗinsa sau biyu, a wannan wata da wata mai zuwa. Maganinsa, duk rasit da aka duba a rubuta "an biya" a fuskarsa da biro, da kwanan wata.

A karɓi kuɗin mamba a ƙi shigarwa. Don kama wannan, ka ɗauki littafin rasit ka bi lambobin kabon a jere: 041, 042, 043. In daga 043 ka faɗa 045, ina 044? Ko an yi kuskure an soke shi, dole ya zauna a wurinsa, asali da kwafi, an ja masa layi. Ba a yage rasit ɗin da aka soke. Haka littafin shiga da fita, a sa wa shafukansa lamba tun ranar da aka saye shi. Kuskure kuwa layi ɗaya ake ja masa yadda za a iya karanta na da, a rubuta daidai a sama, a sa hannu. Inda ka ga an kankare da reza ko an shafe da farin ruwa, ka tsaya.

Sai sunayen bogi, wato a biya wanda babu shi. Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A 2016, lokacin Kemi Adeosun na ministar kuɗi, gwamnatin tarayya ta sanar da cire sunaye fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, abin da ya rage mata sama da naira biliyan biyu a kowane wata. Da me aka kama su? An gwada jerin albashi da lambar BVN ta banki, suna bayan suna. Aikin da kake yi da rula ne, sai dai su da kwamfuta suka yi. A ƙungiyarku, in ana rabon taki ko rance, a kira suna, mai suna ya miƙe, ya karɓa da hannunsa.

Darasi na 4: Kada komai ya taru a hannu ɗaya

Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai dubawa daban. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, ba na shugaba ko ma'aji ba. Cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Alat ya riƙa shiga wayar mutum fiye da ɗaya.

A nan zan yi muku faɗa, ku yi haƙuri. Har yanzu cikinku akwai masu sa hannu a cek da ba a rubuta komai a kansa ba, wai za su yi tafiya, wai kada a jira su. Haba jama'a! To mene ne amfanin sa hannu biyu? Akwai masu dangwala yatsa a takardar da ba su karanta ba, alhali sun yi wata da watanni a wannan aji suna koyon karatu. Don me kuka koya? Sai an tambaya ku ce ai Alhaji ne, ai dattijo ne, ai surukina ne, ina jin nauyi. In kun je awo a kasuwa kuna kallon mudu har a cika shi, mai hatsi bai taɓa cewa kun kira shi ɓarawo ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ga muminai aka saukar da ita, ba ga ɓarayi ba. Ma'aji mai amana shi ya fi kowa son a duba, don ranar da tsegumi ya tashi alamomin fensir ɗinku ne za su wanke shi. Wanda za ku sa wa ido shi ne mai fushi in an nemi littafi, mai ɗage taron lissafi kullum, wanda ko yana kwance ba lafiya ba ya yarda wani ya riƙe masa.

Kuma na lura wasu sun koma duba jimla. Na gani. Ku koma Darasi na 2.

Darasi na 5: In ka ga abin da bai dace ba

Kada ka yi shela a majalisa. Sau da yawa kuskure ne, zato kuma yana raba zumunci. Rubuta lambar shafi, da rana, da kuɗi, ka ɗauki hoto in kana da waya. Kai wa shugaba da wani mamba guda, a tambayi mai littafin cikin mutunci. In an kasa bayani, a kai gaban babban taro. Ƙungiya mai rajista tana iya neman jami'in ƙungiyoyin gama kai na jiha ya turo odita, wato mai binciken lissafin kuɗi. In kuɗin gwamnati ne, akwai hukumomin tarayya masu yaƙi da cin hanci, wato ICPC da aka kafa a 2000 da EFCC, a Kano kuma akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha.

Darasi na 6: Aikin gida

Rubuta waɗannan da kalmomi: ₦6,500, ₦65,000, ₦605,000. Nemi aron littafin ƙungiyarku, duba shafi ɗaya na watan jiya, ka kawo jerin layukan da ba su da rasit.